Zauren Kawu: Fim Ya Ƙare, Zuciya Ba Ta Ƙoshi Ba

Wasiƙu biyar daga cikin na wannan karon a kan abu ɗaya suka taru, kamar an haɗa baki: labaran sha-da-ƙyar, irin waɗanda mutum ke faɗawa tsakanin rai da mutuwa a teku ko kan dutse ko cikin ƙungurmin daji. Tunda wannan fage ne da na daɗe ina kiwo a cikinsa, har uwargida kan ce ba ta san abin da nake samu a labarin wahalar mutane ba, na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan wasu batutuwa, ku yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba.

Assalamu alaikum Kawu. Kwanan baya na kalli Society of the Snow, fim ɗin 'yan wasan nan da jirginsu ya faɗi a kan duwatsu masu ƙanƙara. Wallahi kwana uku ina tunaninsa. Na koma manhajar da na kalla a ciki don ta ba ni irinsa, sai ta jero mini fina-finan gawarwaki masu tafiya da na kifi mai cin mutane. Na gwada biyu, na kashe. Ina son littafi ko wani fim da zai ba ni abin da wancan ya ba ni, amma ban ma san sunan abin ba, balle in neme shi. Daga ɗanka, ɗalibi.

Wa'alaikumus salam ɗana. Maganarka ta ƙarshe ita ce bakin zaren. Manhaja ba ta san inda fim ya taɓa ka ba. Abin da ta sani kawai, akwai haɗari a ciki, akwai mutuwa, kuma wasu da suka kalli wannan sun kalli wancan. Shi ya sa ta haɗa maka labarin samarin da suka yi kwana 72 suna riƙe da juna da labarin dodanni. A wurinta duk kanwar ja ce.

Kafin ka je ko'ina, ka fara kwashe abin da ke gabanka. Fim ɗin da ka kalla labarin gaskiya ne. Ranar 13 ga Oktoba 1972 jirgin ya faɗi a tsaunukan Andis, ɗauke da mutum 45, cikinsu akwai 'yan wasan ƙwallon zari-ruga na ƙasar Yurugwai da 'yan'uwansu da abokai, a kan hanyarsu ta zuwa Cile. Mutum 16 suka fito da rai. Fim ɗin na 2023 an ɗauko shi ne daga littafin Pablo Vierci, wanda makarantarsu ɗaya da yawancin samarin, don haka sun buɗe masa ciki yadda ba za su buɗe wa baƙo ba. Amma shi ba shi ne na farko ba. Piers Paul Read ya rubuta Alive tun 1974, lokacin da ciwon ke ɗanye, kuma ya fi kowa bin abin dalla-dalla: wa ya ce me, wa ya ji haushin wa, yadda aka yi mahawara kafin a yanke shawarar nan mai nauyi da ka gani a fim. Sai kuma Miracle in the Andes na 2006, daga bakin Nando Parrado da kansa, ɗaya daga cikin biyun da suka yi tafiyar kwana goma a ƙafa har suka hango wani makiyayi a tsallaken kogi. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa duk a can suka rasu. In ka tambaye ni, da na Parrado za ka fara, domin shi ne yake gaya maka abin da ke cikin kan mutum, abin da kyamara ba ta iya ɗauka.

To bayan nan fa? Ga tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin matsalarka: wane wuri ne a fim ɗin ka ji kamar ka dakatar da shi ka numfasa? Wata tsohuwar ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, tana cewa ta ƙofa huɗu mutane ke shiga littafi: labarin kansa, mutanen ciki, wurin da abin ya faru, ko daɗin harshen. Na yarda da ita, amma a labaran sha-da-ƙyar ni nakan ƙara tsaga abin. Akwai wanda kaɗaici ne ke kama shi, akwai wanda dabarar fita ce, akwai wanda ke son ganin yadda jama'a ke zama in yunwa da tsoro suka matsa.

Daga yadda ka rubuta, ina zaton kai ɗan rukuni na ƙarshen ne. In haka ne, littafinka shi ne Endurance na Alfred Lansing, wanda ya fito a 1959. A 1914 Ernest Shackleton ya tashi da mutanensa da niyyar ratsa nahiyar Antatika a ƙasa. Ko gaɓa ba su kai ba ƙanƙara ta kama jirgin ruwansu, ta riƙe shi wata da watanni, ta murƙushe shi, ya nitse a watan Nuwamba 1915. Mutum 28 suka rage a kan ƙanƙarar da ke yawo a teku. Da ta fara tsagewa suka shiga ƙananan jirage uku suka kai wani tsibiri da babu kowa, babu kuma jirgin da ke bi ta nan. Shackleton ya bar mutum 22 a can, ya ɗauki biyar, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,300 a cikin ƙaramin jirgin katako, a tekun da ya fi kowane hauka, har tsibirin Jojiya ta Kudu. Nan ma a bayan tsibirin suka sauka, sai da uku daga cikinsu suka yi awa 36 suna haye duwatsun da ba wanda ya taɓa ratsawa kafin su kai tashar masu farautar kifin wel. Ƙarshen Agusta 1916 ya koma ya kwashe sauran. Ko mutum ɗaya cikin 28 ɗin bai mutu ba. Amma kada a yi tuya a manta da albasa: ɗaya ayarin nasa da ya je ajiye masa guzuri a wancan gefen nahiyar ya rasa mutum uku, kuma masu yabon Shackleton sukan tsallake wannan.

Na karanta littafin nan ne a kan kujerar roba, a gefen gadon ƙanena a asibiti, dare goma sha ɗaya. Abin da ya tsaya mini ba jarumtar ba ce, ƙananan abubuwan ne. Yadda Shackleton yake ɗaukar mutanen da suka fi ƙorafi ya sa su a tantinsa, don kada su ɓata wa saura zuciya. Yadda ya hana a jefar da garayar wani daga cikinsu lokacin da kowa ke zubar da kayansa don rage nauyi. Lansing ya karanta littattafan da mutanen suka riƙa rubuta abubuwan yau da kullum a ciki, ya kuma zanta da waɗanda suka rage a raye, don haka ba ya buƙatar ƙara gishiri. Ka nemi bugun da ke da hotunan Frank Hurley, mai ɗaukar hoton tafiyar. Jirgin kansa an gano shi a watan Maris 2022, a zurfin mita 3,008, sunansa na nan raɗau a jikinsa.

Na biyu a wannan layin shi ne Deep Down Dark na Héctor Tobar, kan masu haƙar ma'adinai 33 da rami ya rufta da su a Cile a 2010, suka yi kwana 69 a ƙasa. Kwana 17 na farko babu wanda ya san ko suna raye. Wani abin da Tobar ya yi da na ji daɗi, bai tsaya a ranar da aka fito da su ba, ya bi su gida, inda wata sabuwar wahalar ta fara.

In kuwa wurin da ya riƙe ka shi ne wurin yanke shawarar da babu mai daɗi a ciki, to ka nemi Touching the Void na Joe Simpson. A 1985 shi da abokinsa Simon Yates suna saukowa daga wani tsauni a Peru, Simpson ya karye a ƙafa. Yates ya riƙa zura shi ƙasa da igiya cikin guguwa, har ya zura shi bakin wani gangare bai sani ba, Simpson na reto a iska, nauyinsa na jan Yates zuwa halaka. Yates ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Sauran ka karanta da kanka. Akwai fim ɗinsa na 2003, inda su biyun ke ba da labarin da bakinsu, kuma yana cikin 'yan kaɗan da zan ce fim ya kamo littafi.

Masu son kaɗaici su nemi Adrift na Steven Callahan, wanda ya yi kwana 76 shi kaɗai a kwale-kwalen roba a Tekun Atlantika a 1982, ko ɗan ƙaramin littafin Gabriel García Márquez kan matuƙin da ya yi kwana goma a teku, wanda ya fara bugawa a jarida a 1955 tun yana ɗan jarida. Masu son lissafi da dabara kuma ga The Martian na Andy Weir. Yana da ban dariya, amma kai ba zan tura ka can yanzu ba, zai yi maka sauƙi da yawa bayan abin da ka gani.

Yanzu bari in koya maka kamun kifin, kada kullum ka dawo wurin Kawu. Duk fim ɗin da ya burge ka, kada ka kashe da zarar sunaye sun fara hawa. A nan ake rubuta littafin da aka ɗauko shi. In ka sami littafin, ka buɗe shafukan ƙarshe inda marubuci ke gode wa waɗanda ya karanta, za ka fito da sunaye uku ko huɗu. A shafin IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet, kowane fim yana da jerin kalmomin da ke bayyana abin da ke ciki, irin su faɗuwar jirgi ko zaftarewar dusar ƙanƙara, kana taɓa ɗaya za ta kai ka ga sauran finafinan da ke da ita. A Letterboxd da Goodreads kuma, shafukan da masu kallon fim da masu karatu ke musayar ra'ayi, ka bar shawarar na'ura, ka nemi jerin da mutane suka tsara da hannunsu, musamman gajeru, waɗanda mai su ya rubuta dalilinsa a ƙarƙashin kowane suna. Jerin da ke da fim ɗari biyar ba jeri ba ne, juji ne. Sannan in kana bincike, ka rubuta halin da mutanen ke ciki, ba sunan nau'in fim ba. Kalmar survival ita kaɗai za ta sake mayar da kai wurin dodanninka.

Kawu barka da aiki. Ni matsalata daban ce. Ina aikin dare a gaban kwamfuta, kuma na lura kiɗan da ke cikin irin waɗannan finafinai yana sa ni natsuwa, musamman na The Revenant. Ta yaya zan sami irinsa? Kuma akwai waƙoƙi masu baiti a kan irin wannan labari? Daga 'yarka.

'Yata, kunnenki yana da kyau. Kiɗan The Revenant na 2015 aikin Ryuichi Sakamoto ne, ɗan Japan, tare da Alva Noto na Jamus, kuma Bryce Dessner ya sa hannu. Sakamoto ya yi shi ne yana farfaɗowa daga ciwon dajin maƙogwaro, kuma ni dai ina jin hakan a cikin kiɗan: sauti ɗaya mai tsawo, sai shiru, kamar mai jan numfashi da ƙyar. Shi da Alva Noto sun yi faifai da dama tare tun kafin fim ɗin, na farkonsu Vrioon a 2002. Su ne abokan aikin darenki. Sakamoto ya rasu a 2023.

Dokar a nan ita ce ki bi mai kiɗan, kada ki bi fim ɗin. Ki duba sunan wanda ya tsara kiɗa, ki sa shi a manhajar da kike sauraro, ki ga me kuma ya yi. Steven Price ne ya yi na Gravity, har ya ci kyautar Oscar da shi, sai dai wannan yana da tayar da hankali, ban ba ki shawarar sa shi ƙarfe biyun dare ke kaɗai ba. Na 127 Hours A. R. Rahman ne, wanda kika sani a finafinan Indiya, amma a nan za ki ji shi da wata fuska. Nick Cave da Warren Ellis suka yi na The Road, da goge da fiyano, mai sanyi da baƙin ciki. Shi kuwa fim ɗin da ɗan'uwanki na sama ya tambaya, Michael Giacchino ne ya yi masa kiɗa, mutumin da ya yi na shirin Lost.

Wani abu da zai ba ki mamaki: a Cast Away na 2000, duk tsawon zaman Tom Hanks a tsibirin nan babu kiɗa. Ƙarar teku ce da iska kawai. Sai da ya bar tsibirin kiɗan Alan Silvestri ya shigo, shi ya sa yake dukan zuciya haka. Na faɗi wannan ne don wataƙila rabin abin da kike nema shirun ne, ba kiɗan ba.

In kina iya zama da dogon kiɗa na ƙungiyar makaɗa, ki gwada Sinfonia antartica na Ralph Vaughan Williams. Asalinsa kiɗan fim ne na 1948 kan Kyaftin Scott, wanda ya isa tsakiyar ƙuryar kudancin duniya a Janairu 1912, ya tarar Amundsen ɗan Norwe ya riga shi, kuma shi da mutanensa huɗu duk suka mutu a hanyar dawowa. Akwai muryar mace a ciki wadda ba ta furta kalma, da wata na'ura mai kwaikwayon kukan iska. Sau ɗaya na saurare shi da iyafis a cikin duhu, sai da na tashi na kunna fitila.

Waƙoƙi masu baiti kuwa suna nan, yawanci a wurin mawaƙan teku. Gordon Lightfoot na Kanada ya yi waƙa a 1976 kan jirgin Edmund Fitzgerald da ya nitse da mutum 29 a Tafkin Sufiriya a Nuwamba 1975. Wannan ta ta'aziyya ce, babu wanda ya tsira. Wadda ta fi dacewa da tambayarki ita ce The Mary Ellen Carter ta Stan Rogers, shi ma ɗan Kanada. A 1983 wani jirgin dakon gawayi mai suna Marine Electric ya kife a gaɓar Amurka cikin hunturu, kuma ɗaya daga cikin mutum uku da suka tsira ya ce amshin waƙar nan ya yi ta rerawa a cikin ruwan sanyi har gari ya waye aka ceto shi.

Amma kada ki ɗauka kullum waƙa mai ma'ana ce ke zuwa wa mutum a irin wannan hali. Joe Simpson da na ambata a sama ya ce lokacin da yake jan ciki da karyayyiyar ƙafa, hankalinsa na gushewa, wata waƙar rawa ta ƙungiyar mawaƙan Boney M ce ta maƙale masa a ka, waƙar da ba ya ma so, har ya riƙa jin takaicin a ce da ita zai mutu. Duk lokacin da na tuna sai na yi dariya, sannan in ji kunyar dariyar.

Malam Kawu, ni dattijo ne kamarka, kuma na gaji da shirye-shiryen talabijin da ake cewa an jefa mutum daji shi kaɗai, alhali ga mai kyamara a bayansa. Shi mai kyamarar a ina yake kwana? Akwai na gaskiya kuwa? Daga wani ɗan fansho.

Ranka ya daɗe, tambayarka ta mai kyamara ita ce ta tona asirin da yawa. Ko shirin Bear Grylls mai suna Man vs. Wild sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a 2007, kan cewa wasu darare a masauki aka kwana, har masu shirin suka fara sa sanarwa cewa akan shirya wasu abubuwan. Ba na raina mutumin, yana da ƙarfin hali, amma nishaɗi yake sayarwa.

Abin da kake nema shi ne Alone, wanda tashar History ta fara a 2015. Mutum goma ake ajiyewa, kowa a wurinsa, kowa da kaya goma da ya zaɓa, kuma shi ke ɗaukar kansa da kyamara. Akwai wayar tauraron ɗan'adam da zai kira in ya sallama, likitoci kuma kan leƙo lokaci-lokaci su auna su. Wanda ya fi daɗewa ya tafi da dala 500,000. A zangon farko, a Tsibirin Bankuba na Kanada, wanda ya ci kwana 56 ya yi. Abin lura a shirin, ba namun daji ke korar yawancinsu ba. Za ka ga ƙato ya gina bukka mai kyau, ya iya kamun kifi, sai rana ɗaya ya zauna ya tuna 'yarsa, ya ɗauki waya. Kafin shi akwai Survivorman na Les Stroud, wanda shi ma yake ɗaukar kansa na tsawon mako guda. Za ka gan shi ya kafa kyamara ya wuce, sannan dole ya dawo ya ɗauke ta.

Ka kuma nemi The Rescue na 2021, kan yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya tare a cikin kogo a Tailan a 2018. Ka san ƙarshen labarin, amma duk da haka za ka riƙe hannun kujera. In kuma kana son shiri mai dogon zango na ƙirƙira, zangon farko na The Terror ya ginu ne a kan tafiyar binciken da Kyaftin Franklin ɗan Ingila ya jagoranta a 1845, inda jirage biyu da mutum 129 suka ɓace a ƙanƙarar arewacin Kanada. Sai dai sun ƙara wani dodo a ciki, kuma na san halinka daga wasiƙarka, za ka yi tsaki. Ni ma na yi, amma na kalla har ƙarshe saboda 'yan wasan.

Kawu, ɗana shekararsa 12, ba ya karatu sai kallon irin waɗannan finafinai, wasu ma sun fi ƙarfin shekarunsa. Akwai littafin da zan ba shi? Daga wata uwa.

'Yar'uwa, ki gode wa Allah, yaron ya nuna miki ƙofar da zai shiga da kansa. Ki samo masa Hatchet na Gary Paulsen. Yaro ne ɗan shekara 13 da ƙaramin jirgi ya faɗi da shi a dajin Kanada, ba shi da komai sai ɗan gatarin da mahaifiyarsa ta ba shi. Jimlolin gajeru ne, babi-babin ba su da tsawo, kuma yaron yana yin kuskure irin na yara kafin ya koya. Ki sani dai akwai maganar rabuwar iyaye a ciki, da wani wuri da yaron ya yanke ƙauna ƙwarai, don haka ki riga shi karantawa, ba zai ɗauke ki fiye da dare biyu ba. In ya gama ya nemi ƙari, ga Island of the Blue Dolphins na Scott O'Dell, na 1960, wanda aka gina a kan wata mata da ta yi shekara 18 ita kaɗai a wani tsibiri kusa da Kalifoniya.

Wani zai ce miki ki ba shi Lord of the Flies na William Golding, tunda yara ne a tsibiri. Ni ban yarda ba, ba yanzu ba. Littafin na 1954 yana nuna yara suna komawa namun daji in babu babba a kansu, kuma ƙirƙira ce ta mutumin da ya ga yaƙin duniya. Ki ba shi labarin da ya faru da gaske. A 1965 wasu yara shida 'yan makaranta a ƙasar Tonga suka ɗauki jirgin kamun kifi suka gudu, guguwa ta lalata shi, suka ƙare a wani tsibirin dutse da babu kowa. Wata 15 suka yi. Suka raba aiki bibbiyu, suka kunna wuta suka hana ta mutuwa, in biyu sun yi faɗa sai a raba su kowa ya tafi gefe har ya huce. Ɗaya ya karye a ƙafa, suka ɗaure masa, ta warke. A 1966 wani matuƙi ɗan Ostiraliya, Peter Warner, ya hango su ya ɗauko su, bayan an riga an yi musu zaman makoki a gida. Rutger Bregman ya kawo labarin a littafinsa Humankind. Ki ba shi da bakinki ma ya isa.

Game da finafinan da suka fi ƙarfinsa, shafin Common Sense Media yana faɗin shekarun da suka dace da kowane fim da abin da ke cikinsa, kuma IMDb ma tana da sashen jagorar iyaye. Minti biyu ne dubawa.

Kawu, gardama muke da abokina. Wane ne littafi na farko a irin wannan labari? Ni na ce Robinson Crusoe. Daga ƙaninka.

Ƙanena, kana da rabin gaskiya. Littafin Daniel Defoe na 1719 shi ne ya haifi nau'in a Turai, har masana adabi suna kiran duk labarin mutum a tsibiri da suna robinsonade, kalmar da za ta yi maka amfani wurin bincike. Amma fiye da shekara ɗari biyar kafin shi, Ibn Ɗufail na Andalus ya rubuta Hayy bin Yaƙzan, labarin jaririn da barewa ta shayar a tsibirin da babu mutum, ya girma yana gano wuta da sutura da makami, har tunaninsa ya kai shi ga sanin Mahalicci. An fassara shi zuwa Turanci a 1708, shekara goma sha ɗaya kafin Crusoe. Sai dai shi littafin falsafa ne, ba na bugun zuciya ba, don haka abokinka ma kada ya yi saurin murna.

Crusoe kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg, akwai kuma karatunsa da murya a shafin LibriVox. In za ka karanta, ka lura da abin da gajerun bugun yara ke cirewa: jirgin da ya tarwatse da shi, hanyar Afirka ya nufa don sayo bayi, kuma kalmar da ya koya wa Friday, mutumin da ya ceto a tsibirin ya mayar da shi baransa, ya riƙa kiransa da ita ita ce ubangida. Ni ban taɓa iya son mutumin ba, duk da shekara 28 da ya yi a tsibirin.

Wanda ya fi burge ni shi ne mutumin gaskiya da ake ganin Defoe ya ɗauki wani abu daga labarinsa, Alexander Selkirk ɗan Sukotlan. A 1704 ya yi rigima da kyaftin ɗinsa, ya ce jirginsu ya ruɓe ba zai kai ba, gara a sauke shi a wani tsibiri da ke nesa da gaɓar Cile. Kyaftin ya ce to bismillah. Da ya ga da gaske tafiya za su yi, ya yi nadama ya roƙa, aka ƙi. Shekara huɗu da wata huɗu ya yi shi kaɗai da awaki da kyanwoyi, har zuwa Fabrairu 1709 da wani jirgin Ingila ya ɗauke shi, harshensa ya yi nauyi da ƙyar ake gane maganarsa. Jirgin da ya ƙi shiga kuwa, ya nitse kusa da gaɓar Kolombiya, waɗanda suka tsira daga cikinsa Sifaniyawa suka kama su suka kulle.